Kifin da na kiwata wa maciji a Villeurbanne

A shekarata ta biyu a jami'a, maƙwabciyata a gidan ɗalibai na Villeurbanne, wani gari a Faransa, ta samu aikin koyo na wata uku a Paris. Baturiya ce mai kirki, ita ke ara mini tukunya, don haka da ta ce in riƙe mata dabbarta ban tambayi wace iri ba. Na zaci mage ce. Sai ga ta da akwatin gilashi, a ciki wani siririn maciji mai ratsin rawaya yana leƙo ni.

Ta rantse ba shi da dafi. Na yarda, amma na matsa baya. Matsalarsa ɗaya, in ji ta: ba ya cin komai sai ƙananan kifi masu rai, kuma shagon da ke sayar da su yana can ƙarshen layin taram, jirgin cikin gari. Shi ya sa take kiwon nata. Ta ajiye mini robar ruwa da kifaye kamar ashirin, kowanne bai kai ɗan yatsana ba, ta sumbaci akwatin gilashin, ta tafi.

Cikin sati biyu kifayen suka fara ƙarewa. Irin su ba sa ƙwai, haihuwa suke yi, amma da uwa ta haihu sai ta juyo ta haɗiye 'ya'yanta. Ban taɓa ganin rashin tarbiyya irin wannan ba. Macijin na ci ta sama, iyaye na ci ta ƙasa, ni kuma ina ƙirga saura.

Mutum ɗaya na sani da ta iya kiwo, mahaifiyata a Maraɗi. Ragon da ta turke, mutane kan shigo gida don kallonsa kawai. Na sayi katin waya na kira ta, na ce ina kiwon kifi. Zancen maciji kuwa na haɗiye shi, don Inna ko igiya ta gani a tsakar gida sai ta yi salati.

"Ware masu ciki," ta ce. "In sun haihu ki hidda uwar. Kuma kar ki cunkushe su, dabba ba ta son matsi."

Na sayo robobi uku na bi maganarta. Kafin wata ya cika ɗakina ya koma rafi, ina tsallake kifi kafin in kai ga gado. Macijin yana cin biyar a zama ɗaya. Duk Juma'a ina ba Inna rahoto, ita kuma, ashe, tana ba unguwa: ɗiyarta ta buɗe gonar kifi a ƙasar Turawa. Na ji daɗin alfaharin nan ƙwarai, don injiniyancin da nake karanta bai taɓa burge ta haka ba. Kuma kullum ina tsoron ranar da za ta san wanda ke cin kifin.

A gidanmu ba a cin amfanin kiwo na farko sai an fitar wa manya. Ni na manta, Inna ba ta manta ba. Ta kira ƙanwarta, Tanti, da ke zaune a Stains kusa da Paris, ta ce ta je ta karɓi rabonta. Wata Asabar da hantsi aka buga mini ƙofa, na buɗe na ga Tanti ta sha jirgin ƙasa tun daga Paris, da ƙatuwar kula a hannu da ƙullin yaji a jaka.

Na jefa zane a kan akwatin gilashin. Muka gaisa, ta tambayi karatu da sanyi, alhali zafi ake yi, idonta na kan robobin. Ta duƙa ta daɗe tana kallo.

"Ɗiyata, waɗanga 'ya'yan ne. Ina iyayen?"

"Su ne iyayen, Tanti."

"Mais non! Haba, wanga ko miyar mutum guda ba ya yi."

Ta nemi wurin ajiye kula, ta ja zanen. Ban san mace mai shekara hamsin da ciwon gwiwa tana iya hawa tebur da tsalle ɗaya ba. Daga can saman ta ciro wayarta ta kira Maraɗi, ba ko sallama, ta zazzage komai: ba gona, ba tarwaɗa, maciji ɗiyarki ke yi wa bauta. Sannan ta miƙo mini wayar.

Na kara wayar a kunne. Kunya ta rufe ni, hawaye suka cika mini ido. Ina jiran Inna ta ce na mai da ita abin dariya a unguwa.

"Na wa ne?" ta ce.

Na ce na maƙwabciyata ne, amana ta ba ni.

"Ya rame ko ya yi ƙiba?"

Na dubi macijin. Ya yi ɓul-ɓul, har ratsinsa ya faɗaɗa. Na faɗa mata.

"To, madalla. Ki ƙara mishi. Ba a taɓa ba mu dabba muka maida ta a rame ba, ba kuwa za a fara daga kanki ba. Ki ce ma Tantinki ta sauko, ta ba ni kunya."