Malam Kalilu, Mai Shelar Tsamiyar Hamma

Idan aka sallame sallar asuba a Tsamiyar Hamma, ƙauyenmu da ke ƙasar Baure, kowa yakan saɓi fartanya ya nufi gona. Malam Kalilu kuwa gida yake komawa, matarsa Iya Siddiƙa ta miƙo masa ruwan ɗumi da citta da ɗan zuma. Ba ya tanka wa kowa sai ya shanye. Daga nan ya gyara hula ya tafi ƙofar dagaci, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai abin da za a gaya wa jama'a?"

Wata rana akwai, wata rana babu. In akwai, sai ya saurara, ya maimaita, ya tambayi inda bai gane ba. Sannan ya bi gari da ƙafa, daga bakin rijiya zuwa rumfar mahauta har tashar 'yan acaɓa, yana ɗaga murya: "Jama'a, a saurara!" Masu riga-kafi za su zo ranar Laraba. Shuka ta fito, kowa ya ɗaure dabbarsa. An ɗage gayyar gyaran maƙabarta. Da wannan muryar na tashi, da ita 'ya'yana suka tashi.

Mu mutanen ƙasar Daura muna son mai iya magana. Mukan zauna gindin rediyo mu yaba wa wanda ya tsara jawabi, tsofaffinmu kuma har yau suna ba da labarin 'yan siyasar da, waɗanda in sun hau tebur a kasuwa ciniki ke tsayawa. Waɗannan an san da zamansu. Amma wanda yake ɗaukar magana ya kai ta ƙofar talaka ba tare da ya ƙara ko ya rage ba, ban taɓa jin an tara mutane don a gode masa ba.

A wani zaɓe da ya wuce, mutanen wani ɗan takara suka kawo masa lasifika sabuwa ful, mai batir. Ya yi murna ƙwarai, don ya daɗe yana sha'awarta. Da taronsu ya matso, shugaban matasansu ya same shi a gida, ya ce, "Baba, in kana shelar taronmu, ka ɗan ƙara da cewa ɗan takarar wancan ɓangare ba ɗan ƙasa ba ne, ta iyakar Kongolam iyayensa suka shigo."

Malam Kalilu ya ce, "Ɗana, ranar taro da wurin taro zan faɗa. Su ma in sun aiko, haka zan yi musu."

"To ai da kayanmu za ka yi."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko lasifikar, ya goge ta da gefen rigarsa, ya miƙa masa. Washegari ya yi shelar taron nasu da bakinsa, bai rage komai ba. Iya Siddiƙa ta ce min ta yi kwanaki tana masa mita, don ita ce ke jin tarin da yake yi in ya dawo.

Ranar da ba za mu manta ba ta zo ne a wata damina, gero ya fara fitar da kai. Shanu suka faɗa gonar wani manomi mai suna Zakiyyu. Aka yi cacar baki, makiyayin ya sare shi a goshi ya gudu. Ranar kasuwa ce, dagaci kuma yana Daura an kira shi fada. Kafin azahar labari ya cika kasuwa cewa Zakiyyu ya cika. Ƙaninsa Sama'ila ya tara matasa da gora da adduna, wani ya ɗauko jarkar fetur, suka nufi hanyar ruga.

Maijidda mai ƙosai, wadda rumfarta ke bakin hanyar, ita ta ba ni labarin. Ta ce Malam Kalilu bai bi taron ba, sai ya tare ɗan acaɓa ya tafi asibitin sha-ka-tafi, ya ga Zakiyyu da idonsa. Ya dawo daidai lokacin da matasan ke fita daga kasuwa. Akwai amalanken shanu a tsaye a bakin hanya, ya kama ya hau, dattijo da shi, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, a saurara! Na zo da saƙo daga mamaci!"

Maijidda ta ce wurin ya yi tsit, har ana jin ƙarar mai a kaskonta.

"Yanzu na baro Zakiyyu. Yana zaune, an ɗinke masa goshi, yana shan kunu, har yana ƙorafin ba a sa sukari ba."

Wasu suka yi dariya ba su shirya ba. Wani daga baya ya yi ihu, "Ƙarya ne, an saye shi!" Dutse ya taso ya same shi a kafaɗa. Bai sauka ba, bai ma dubi inda dutsen ya fito ba. Sai ya dubi Sama'ila.

"Sama'ila, ni na yi shelar sunanka ranar da aka yanka maka rago. Na taɓa gaya maka ƙarya? Yayanka ya ce in gaya maka, in ka ƙona bukka ɗaya da sunansa bai yafe ba. Wanda ya sare shi mutum ɗaya ne, yana da suna, ardo ya san shi. A rugar nan akwai mata masu goyo. Ga babur, hau ka je ka gani. In ka tarar ba haka ba, ka dawo ka fara da ni."

Sama'ila ya tsaya yana huci, sannan ya jefar da gorarsa ya hau babur. Amma sauran ba su watse ba, don haka Malam Kalilu bai yi shiru ba. Ya riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan ubansa, yana tambayar wane ne zai iya komawa gida ya dubi uwarsa bayan ya ƙona jariri. Haka ya riƙe su a rana har Sama'ila ya dawo kansa a sunkuye, har motar dagaci ta iso bayan la'asar. Ardo da kansa ya kawo yaron da ya yi saran, aka miƙa shi ga hukuma. Malam Kalilu ya yi mako murya a dishe, ba ya iya ko amsa sallama. Wasu kuma sun daɗe ba sa gaishe shi, wai ya tare wa baƙi.

Malam, kai ne ka tsaya mana ranar nan. Kai ne bakin gari da ba a aro. Ba ka taɓa neman kujera ba, ba a taɓa liƙa hotonka a bango ba, amma akwai gidaje a gari da a ruga da suke cike da mutane yau saboda ba ka sauka daga amalanken nan ba.

Bana muryar ta gaza. Likita a Daura ya ce in bai daina ba zai rasa ta gaba ɗaya. Dagaci ya naɗa Maharazu tela a madadinsa, aka kuma shirya masa taron ban-kwana a kasuwa. Kansila ya yi jawabi, shugaban makaranta ya yi, ardo ma ya zo da mutanensa. A ƙarshe aka ce Malam ya ce wani abu. Ya miƙe da ƙyar. Mutane suka matso, iyaye suka toshe bakin yara, don muryar ta koma raɗa.

Ya ce, "Na gode, Allah ya saka. Tunda kun taru, akuyar Iya Sadiya ta ɓata tun jiya, ja ce mai farin goshi, tana da ciki. Ita kaɗai gare ta. Wanda ya gani ya taimaka."

Ya zauna. Na ga dagaci yana share ido da gefen rawaninsa. Kafin magariba wani makiyayi ya jawo akuyar har ƙofar gidan tsohuwar.

Mun gode, Malam Kalilu. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka huta cikin mutunci, ya saka wa Iya Siddiƙa da ta yi jinyar maƙogwaron nan shekara da shekaru. Ku kuma da kuke riƙe da lasifika a yau, ko a dandalin siyasa ko a waya, kafin ku faɗa wa jama'a abu ku je ku gani da idonku. In kuma hanya ta biyo da ku Tsamiyar Hamma, za ku same shi a kan tabarma a ƙofar gidansa. Ku tsaya ku gaishe shi, ku matso kusa, don yanzu a hankali yake amsawa.