Kabewar Maijego Ta Koma Kek

Na shigo kicin da alayyahu da gyaɗa a hannu, sai ƙamshin kirfa ya tare ni. Kabewata babu ita, sai ɓawo a kwandon shara.

Har kasuwar Chow Kit na je na zaɓo ta saboda Maman Haidar, maƙwabciyarmu a unguwar Wangsa Maju. Ta haihu, ba uwa kusa ba ƙanwa, abu ɗaya ta roƙe ni: tuwon shinkafa da miyar taushe.

Na ƙwala wa 'yata kira. "Ummi, ina kabewar?"

"Kek na gasa da ita, Mama. Lokacin kaka ya shigo mana, kowa a intanet kek ɗin kabewa yake yi."

"Wace kakar? A Kuala Lumpur? Ganye ɗaya kin ga ya bushe? Yau ruwa, gobe ruwa! Ni da na girma ina ɗauko kabewa daga gonar babana, ke za ki karanto min kakar Turawa daga waya?"

Yanzu haka Ummi tana cikin jirgin ƙasa na LRT, ta tafi nemo wata. Kek ɗin kuwa na rufe shi, ba mai ɗanɗanawa sai maijego ta sha miyarta.

Iyayen da ke rainon yara a nan, ku ma waya ta taɓa cinye muku cefane?