Gemun Auduga

Rubuta mini yadda na faɗa, 'yar nan. Jiya, goma ga azumi, ƙaramin jikana ya faɗo ɗakina. Ya ce, "Tsohuwa, wa zai yi mini gemun tashe bana?"

Marigayi Malam, maigidana, shi ke yi wa yaran lungunmu a Mandawari. Bayan la'asar yakan farke tsohon matashi, ya jiƙa ƙaro, ya liƙa audugar a ƙyalle. Ni nake riƙe masa haɓar yaro, yana cewa, "Sassauta, Hajiya. Gemun da ya hana dariya ba gemu ba ne."

Matashi ɗaya ya rage, wanda ya yi jinya a kansa. Har yanzu yana ƙanshin turarensa, da shi nake samun barci.

Na ce, "Angona, jeka ka dawo." Na yi kukana, sannan na sa wa matashin reza.

Gemun ya karkace, amma yaron ya rungume ni, ya ce, "Ƙanshin Malam!"

Allah Ka yalwata masa kabarinsa. Ni kuma Ka ba ni barci.