Baba A-Rubuta da Tanki na Huɗu

Ranar Laraba ce, ina shanya a tsakar gida, maƙwabciyata da ke shara a makarantar sakandaren unguwarmu ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Kin ji Babanku zai ajiye aiki ƙarshen wata?" Na ce wane Baban. Ta ce, "Baba A-Rubuta mana, na ɗakin gwaje-gwaje. Shekarunsa sun cika." Na tambaye ta ko za a yi masa taro. Ta yi dariya ta ce taro ai na malamai ne, shi mabuɗai zai miƙa a ba shi hannu. Na gama shanyar na shiga ɗaki na zauna. Ni ban yi nisa a karatu ba, a firamare na tsaya, amma abin da na gani zan iya faɗa. Shi zan rubuta, yadda na tuna shi.

Baba ba malami ba ne. Shi ne mai kula da ɗakin da ɗalibai ke yin gwajin kimiyya. Shekara talatin da ɗaya yana riga kowa isa makarantar, in ban da maigadi. Yakan jingine kekensa a bayan ɗakin, ya buɗe tagogi, ya goge tebura, ya wanke kwalaben gwaji ya kife su a jere, ƙanana gaba, manya baya. Sai ya bi bututun gas ɗaya bayan ɗaya ko an bar wani a buɗe. Kafin a buga ƙararrawa ya riga ya jera wa kowane malami kayan darasinsa. Idan ɗalibi ya fasa kwalba ba ya yi masa faɗa, littafi yake miƙa masa ya ce, "A rubuta." Idan gwaji ya ƙi fitowa yadda ake so, nan ma "A rubuta." Haka sunan ya bi shi, har shugaban makarantar da shi yake kiransa.

'Yata tana aji biyar a makarantar ta fara wani aikin gwaji a kan kifi. Mai ciwon sikila ce tun haihuwa, da wuya wata ya wuce ba ta kwanta ba. Abin da take son ganowa shi ne ko kainuwa, ciyawar nan mai yawo a kan ruwa, tana tsabtace wa kifi ruwansu. Aka ba ta tankunan gilashi huɗu a kusurwar ɗakin, kowanne da ƙananan karfasa takwas. Biyu ta sa musu kainuwa, biyu ta bar su haka. Kullum da safe takan ɗebi ruwan kowane tanki a 'yar kwalba, ta ɗiga magani, ta duba launin da ya koma, ta rubuta. Ranar Litinin ta auna nauyin kifin. Sati goma sha biyu aikin zai ci, daga nan a kai shi bajekolin kimiyya na makarantu da sunanta.

A gida ba mu ɗauki abin da girma ba. Ubanta, da yake makanikin babur ne, yakan ce, "Ni dai kifin da ba a ci ban ga ranarsa ba. In sun girma ki kawo mana mu yi namu gwajin." Ta ce, "Abba, ko ƙaya ba za ka gani ba." Ƙannenta suka sa mata Uwar Kifi. Baba A-Rubuta kuwa Likita yake ce mata, ni kuma Maman Likita.

Da yake ta san jikinta, tun satin farko ta koya wa Baba aikin duka. Mutumin da ya girmi ubanta ya tsaya tana nuna masa ɗigo nawa ake sawa, yana cewa to. Ta ce masa, "Duk ranar da ban zo ba, kai ne ni." Ya ce, "Na yarda, Likita, amma kada ki ce sai na sa siket." Ita ta ba ni wannan labarin tana dariya.

A sati na bakwai ta kwanta. Kwana huɗu muka yi a asibiti. A na biyar Allah ya karɓi abinsa.

Abin da ya biyo baya a makarantar ban gani ba, maigadi ne ya faɗa mini, malamar kimiyya kuma ta tabbatar. Washegarin rasuwar Baba ya zo gidanmu ya yi mana gaisuwa, daga nan ya wuce makaranta ya ciyar da kifin, ya gwada ruwa, ya rubuta. Da shugaban makarantar ya ce a kwashe tankunan tunda mai aikin ba ta nan, Baba ya je ofis ya tsaya a gabansa.

"Ranka ya daɗe, sati biyar ya rage. Kusurwar kawai nake roƙo."

"Kai ɗalibi ne?"

"A'a, wakili ne. Ita ta naɗa ni."

Aka bar masa. A satin nan aka ɗauke wuta yini biyu, injin da ke busa wa kifin iska ya tsaya. Baba ya ɗauki kofi yana ɗiban ruwan yana tsiyayowa daga sama, daga wannan tanki zuwa wancan, tun safe har yamma. Maigadi ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, shayi kake haɗa musu?" Ya ce, "Bar surutu ka zo ka karɓe ni, hannuna ya sage." Ya shigo ya karɓe shi. Ko kifi ɗaya bai mutu ba.

Kai ne, Baba, ka riƙe wa yarinya alkawarin da ita kanta da wasa ta ɗora maka. Ba wanda zai tuhume ka da ka ce aiki ya bi mai shi.

Yanzu zan faɗi nawa, don ba a ganin girman abin da ya yi sai an ji abin da na yi.

Sati biyu da rasuwar na je makarantar karɓo kayanta. Baba ya ba ni kujera a ɗakin gwaje-gwajen, sai aka aiko kiransa ya kai kaya wani aji. Na tashi na je kusurwar. Kowane tanki da lambarsa, da rubutun hannunta. Na huɗu ya yi kore shar, gansakuka ta lulluɓe gilashin, da ƙyar ake hango kifin. Raina ya ɓaci. Yarinyar nan ko kwanon abincinta ba ta bari ya kwana da datti, yanzu don ba ta nan an bar kayanta haka. Na kwashe kifin a roba, na zubar da ruwan, na ɗauki soso da sabulu a bakin famfo na dirje gilashin har yana ƙara. Na ɗauraye, na cika shi da ruwa, na mayar da su. Tun da ta rasu ban yi wani aiki na ji hannuna ya yi amfani ba sai ranar.

Baba ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa da tire a hannu.

"Maman Likita, da me kika wanke?"

"Da sabulun can."

"Ruwan fa?"

"Na famfo, sabo fes."

Ya ajiye tiren, ya ɗauki 'yar raga ya kwashe kifin ya zuba su a wani bokiti da ke ajiye a gefe. Sai a lokacin na lura suna ta buɗe baki, wasu sun fara kwanciya a gefe ɗaya. Kafin azahar biyar sun mutu.

Malamar kimiyya ta shigo ta tarar da mu. Yarinya ce mai kirki, tana son 'yata, ta yi kuka sosai a gidanmu. Ta dubi tankin ta dafe kai, sannan ta rage murya ta ce, "Baba, mu samo biyar masu girmansu mu zuba. Wa zai sani? In alƙalan bajekolin suka ga tanki ɗaya ya lalace, ba abin da za su ba ta."

Ya ce, "Ni zan sani, Malama. Ke ma haka."

Na ce, "Baba, ka yi yadda ta ce. Laifina ne, kada ya shafi yarinyar."

Ya buɗe littafin aikin ya yi rubutu, sannan ya karanta mini: "Tanki na huɗu. An wanke da sabulu, an zuba ruwan famfo. Biyar sun mutu, uku suna nan." Na ce bai sa wanda ya yi ba. Ya ce, "Littafin bai tambayi wa ya yi ba. Me ya faru yake tambaya."

Daga nan ya koma baya, ya buɗe wani shafi na sati na biyu ya miƙo mini. Rubutunta ne, irin mai kwanciya ɗin nan. Na bi shi da yatsa a hankali. Ta rubuta: "Na cika musu abinci, ruwa ya lalace. Biyu sun mutu a tanki na ɗaya. Ni na yi." Baba ya ce, "Ranar ta yi kuka. Na ce mata mu samo wasu mu cike, don in ji me za ta ce. Ta ce, 'Baba, kai da kanka?' To kin ga ba ni da bakin sauya mata littafi."

Na daɗe riƙe da littafin. Ba ta taɓa ba ni wannan labarin ba.

Da zan tafi ya ce, "Gobe ki zo da safe. Sati uku ya rage, ni kuma hannu biyu gare ni." Na san ba taimako yake nema ba, amma na zo. Ya koya mini abin da ita ta koya masa. Koren nan ba datti ba ne, sai dai a rage shi da soso marar sabulu. Ba a sauya ruwa gaba ɗaya, kaɗan ake ɗiba a mayar da kaɗan. Abinci ɗan tsunkule ne, abin da za su cinye kafin ka juya. Ruwan famfo kuma akwai maganin da ake sa masa don mu mutane, shi ke ƙona wa kifi maƙoshi, sai an bar shi a bokiti a buɗe ya kwana maganin ya fita. Ban iya gwajin launin ba, idona ba ya raba rawaya da ruwan lemo, shi yake yi. Ni nake riƙe masa kwalbar. In na yi kuskure sai ya ce, "Maman Likita, za a kore mu daga aiki fa." Sau ɗaya bai ambaci sabulu ba.

Aikin ya cika sati goma sha biyu. Tankunan da ke da kainuwa ruwansu ya fi kyau, kifinsu kuma sun ɗan fi nauyi. Malamar ta kai shi bajekolin, da sunan 'yata a saman allon. Baba ne ya ɗauko tankunan ya jera, sannan ya koma can baya ya tsaya wurin masu ɗaukar kaya. Ba ta ci kyauta ba. Alƙalan sun ce da tanki ɗaya a lalace, kwatancin bai cika ba. Amma ɗaya daga cikinsu, wata dattijuwa mai tabarau, ta ja kujera ta karanta littafin tun daga farko har ƙarshe, ta roƙi a yi mata kwafinsa don ta riƙa nuna wa ɗalibanta yadda ake rubuta aiki.

A hanyar dawowa na ce, "Baba, da ka ɓoye da ta ci." Ya ce, "Da an ba ta kyautar aikin da ba nata ba." Yanzu na yarda. Abin da ke cikin littafin nan duk nata ne, har da ɓarnar uwarta.

Baba, kai ne mai wanke kwalbar da wasu ke shan yabo da ita. Yaran da suka bi ta ɗakinka sun zama likitoci da injiniyoyi, ban sani ba ko suna tuna wanda ya fara miƙa musu littafi. Ni ina tunawa. Ka tsare wa 'yata aikinta, ka tsare mata gaskiyarta, ni kuma ka rufa mini asiri ba tare da ka yi ƙarya ba. Na gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi da lafiyar gwiwa, ya saka maka da abin da ni ba zan iya ba. Ku kuma da ke aiki a ɗakunan da ba a tafa wa kowa, ku yi koyi da shi. Wanda ya bi ta hannunsa kuma, kafin ƙarshen wata ya je ya gaishe shi, kada ya aika.

Kifi ukun da suka tsira suna ɗakina yanzu, a tankinsu na huɗu. Baba ne ya roƙa mini su. Kullum da yamma nakan cika ƙaramin bokiti a famfo in ajiye a bakin ƙofa, a buɗe. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta nemi murfi ta rufe mini, don ba a saba ganin ruwa a buɗe a gidana ba. Nakan bar ta ta rufe. Sai ta tafi in ɗauke murfin.