Ranar da Baba Rayyis Ya Bi Hannuna

Ina saman jirgin ruwa a tashar Abhur, a bakin tekun Jidda, da hantsi, ina ɗauraye gishiri daga igiyoyi, sai wayata ta yi ƙara. Mahmudu ne, babban ɗan Baba Rayyis. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce, "Ya Nuhu, al-walid, mahaifinmu, ya cika. Za a yi masa salla bayan la'asar." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a inda nake, tiyo na ta zubar da ruwa a ƙafata. Na san ba shi da lafiya, ko a makon da ya wuce na je gidansa a unguwar Nuzla na gaishe shi, amma sanin ciwo daban, jin mutuwa daban. Sai da mai gadin tashar ya yi mini magana sannan na tashi na rufe famfo.

Sunansa na yanka Idrisu, amma a bakin teku babu mai kiransa da shi. Rayyis shi ne shugaban jirgi a bakin mutanen nan, mu kuma Hausawa muka ɗora masa Baba a gaba. A Bur Sudan aka haife shi. Kakanninsa daga ƙasar Haɗeja suka taso da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare a bakin Bahar Maliya, suka zauna. Yakan ce su sun zo tsallake teku ne ta riƙe su, shi kuwa da ya tsallako sai ta biyo shi. Yana yaro ya fara bin jiragen masunta, da ya girma ya dawo Jidda, har ya kai ga riƙe jirgin shaƙatawa na wani ɗan kasuwa da muke kira Abu Majid. Jirgi ne mai tafiya da iska, da babban ƙyallen nan da ake kira shira'i, yana da inji kuma don shiga tasha da fita.

Ni kuwa ɗan ƙauye ne daga ƙasar Katsina. Kafin in zo Jidda, babban ruwan da na sani shi ne kududdufin bayan garinmu, shi ma da rani jakuna ke birgima a cikinsa. Ina dakon kaya a wani sito a Madinar Masana'antu muka haɗu da Baba a wurin wani ɗaurin aure a unguwar Kurayyat. Ya ga yadda na ɗaure rumfa, ya zo ya ja igiyar, ya sake ja, ya tambayi sunana. Da na ce Nuhu, ya yi dariya ya ce ai mai wannan suna zamansa a tudu asara ne. Shi ya yi ta zirga-zirga har iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ta koma hannun Abu Majid. Fitarmu ta farko kuwa ban ga teku ba, cikin bokiti kawai na gani, don tun daga bakin Abhur nake amai har muka dawo. Bai yi mini dariya a gaban baƙi ba. Ya bari sai da muka rage mu biyu, sannan ya yi ta son ransa, kuma ya yi shekaru yana yi.

Mu uku ne ma'aikatan jirgin: shi, da ni, da Usmanu mai girki, haifaffen Jidda, wanda yakan fara magana da Hausa ya ƙarasa da Larabci. Aikinmu mu ɗauki mai jirgi da baƙinsa mu bi gaɓa, yawanci arewa wajen Rabig, mu kwana a sharm, wato inda teku ta kutsa cikin tudu ta yi lungu mai kwanciyar ruwa. Wanda bai san wannan gaɓa ba zai ce ruwa ne kawai shimfiɗe. A ƙarƙashinsa kuwa duwatsun murjani ne birjik, waɗanda muke kira sha'ab, wasu saura kaɗan su leƙo sama, kuma ɗaya ya isa ya farke cikin jirgi. Muna da na'urar taswira, Baba yana duba ta yana kuma girmama ta, amma idan an zo bakin sharm aiki ya koma na ido. Shuɗi mai duhu zurfi ne, kore rairayi ne, inda kuwa ruwa ya yi kalar shayin da bai ji madara ba, dutse ne.

A nan ne ɗabi'arsa ta aiki take. Ba ya shiga sharm sai rana ta karkata ta koma bayanmu, tsakanin azahar da la'asar, don a lokacin ne ruwa ke nuna cikinsa. Baƙo ya yi ta gaggawa, Baba zai ba shi shayi ya ce, "Teku ba ta da agogo, rana gare ta." Idan lokaci ya yi sai ya bar mini sitiyari, ya tafi goshin jirgi ya tsaya, ya ɗaga hannun dama. Dokar kuwa ɗaya ce: mai riƙe da sitiyari ba ya kallon ruwa, hannu yake kallo, kuma ba ya gardama da shi. Inda hannu ya nufa, can jirgi zai nufa. Baƙi masu son taimako sukan hango dutse su yi ta nuna shi da yatsa, wanda kuwa ke sitiyari ya saba bin abin da aka nuna masa. Baba yakan sauke musu hannu a hankali ya ce, "Kada ka nuna masa dutse, ya habibi. Nuna masa hanya."

Haka yake da mutane ma a tudu. Ban taɓa jin ya zauna yana lissafa laifin wani ba. Na taɓa yin ɗauri marar kyau, igiya ta kwance shira'i ya yi ta bugun iska. Sai ya ɗauko guntuwar igiya ya zauna kusa da ni yana ɗaurawa yana kwancewa kamar mai wasa, har na karɓa na yi daidai. Amma kada a ɗauka sanyin hali ne da shi. Mutum ne mai taurin kai a kan abin da ya sani, kuma idan ya ce halas, wato shi ke nan, to an gama. Usmanu ya yi shekaru yana fama da shi a kan gishirin miya bai ci nasara ko sau ɗaya ba.

Ciwon suga ya daɗe tare da shi, a ƙarshe ya taɓa masa ido. Mu ba mu lura ba, don ƙafarsa ta san kowane lungu na jirgin. Da ya so ɓoyewa da ya ɓoye, ya ci gaba da tsayawa a goshi yana aiki da abin da ya haddace. Sai ga shi wata safiya ya kira mu, ya sa muka raka shi wurin Abu Majid, ya faɗa da bakinsa cewa kore da ruwan ƙasa sun fara zame masa abu ɗaya, kuma ba zai ɗauki 'ya'yan mutane ya shiga sha'ab da idon da ba ya tantancewa ba. Abu Majid mutumin kirki ne, idonsa ya kawo ruwa. Amma jirgi ba ya zama babu rayyis. Ya gaya mana gaskiya cewa akwai wani da aka yi masa maganarsa, kuma wannan yana da nasa ma'aikatan. Kowa a ɗakin ya san ma'anar haka. Abu Majid shi ne kafilinmu, ni da Usmanu, wato da sunansa muke zaune a ƙasar; idan aikin jirgi ya fita daga hannunmu, zamanmu a ƙasar ma ya shiga tangal-tangal, ga iyali, ga yara a makaranta.

Baba ya ce a ba shi tafiya ɗaya. Ya ce Nuhu yana da takardar tuƙi tun tuni, abin da ya rage a gwada idonsa a kan ruwa. Abu Majid ya yarda, ya ce shi da kansa zai bi mu, ba tare da baƙo ko ɗaya ba.

Muka tashi a ƙarshen sanyi, iskar arewa na bugun fuskarmu, muna karkata hagu muna karkata dama kamar yadda ake yi idan iska ba ta tare da kai. Bayan mun yi azahar muka iso bakin wani sharm da muka saba kwana. Muka naɗe shira'i, aka tada inji. Baba ya zo ya tsaya a gefena, ya ɗora hannu a kan sitiyari, ya ce, "Yalla, tafi gaba." Shekara da shekaru ina kallon bayansa daga nan. Ranar ce ta farko da shi zai kalli nawa.

A tsakiyar bakin wannan sharm akwai wani babban dutse, kuma tun da nake tare da Baba ta damansa muke wucewa, don can ne da faɗi. Na tsaya a goshi na duba dama, sai na ga ruwan ya gurɓace. An yi ruwan sama a duwatsun gabas kwanakin baya, kwarin da ke zuba cikin sharm ya kawo laka, duk gefen ya zama kamar kunu, ba ka ganin dutse ba ka ganin zurfi. Ta hagu kuwa wata siririyar hanya ce, shuɗi sosai, a fili kamar titi, sai dai matsattsiya ce, murjani dama da hagu. Ban taɓa ganin mun bi ta ba. Amma abin da aka koya mini shi ne in bi abin da nake gani. Na ɗaga hannu na nuna hagu.

Na ji Usmanu a bayana ya ce ya Sattar. Daga baya ya ba ni labari cewa Abu Majid ya miƙe tsaye ya dubi Baba, don shi ma ya san ba nan muke bi ba. Baba bai dubi kowa ba. Ya ƙanƙance ido yana kallon hannuna, ya juya sitiyari hagu. Na ɗan karkata, ya karkata. Na dunƙule hannu, ya rage gudu. Muka shige a hankali, murjani na wucewa kusa da mu har ina ganin ƙananan kifaye na shiga ramukansa, har ruwa ya buɗe ya zama kore mai rairayi. Na sauke hannu, Usmanu ya saki anga.

Da yamma, muna zaune mu biyu yana shan shayinsa marar sukari da ya tsana, na tambaye shi ko ya taɓa bin ta hagun. Ya ce bai taɓa ba, bai ma san jirgi zai iya wucewa ta nan ba. Na ce, "To Baba, me ya sa ka bi?" Ya juyo ya dube ni da idon nan da ya dushe, ya ce, "Kai da kake bin hannuna shekara da shekaru, ka taɓa tambayata?" Na tashi na je na yi kamar ina duba igiyar anga, don ba na son Usmanu ya ga fuskata.

Usmanu ya so mu sauke ƙaramin kwalekwale mu je mu auna gefen dama, a san ko da gaske ya toshe. Baba ya hana. Ya ce hanyar da ba ka bi ba, ba ta da labari. Har yau ban sani ba ko da mun bi dama da mun wuce lafiya, kuma ban damu in sani ba.

Washegari da hantsi, rana ta ɗaga ta bayanmu yadda za a iya fita, Abu Majid ya fito daga ɗaki, ya wuce Baba, ya zo inda nake ya ce, "Ya rayyis, yaushe za mu tashi?" Na waiga na dubi Baba. Yana zuba shayi, bai ɗaga kai ba, amma na ga gemunsa na motsi. Na ce yanzu. Jirgin yana hannunmu har yau, ni da Usmanu, da wani saurayi da muka ɗauka. Tuwon da ke gidajenmu, bayan ikon Allah, Baba Rayyis ne ya tsare mana shi, kuma ya yi haka ne da sauka daga wurin da ya fi so a duniya tun kafin kowa ya ce masa ya sauka.

Bayan an kai shi makwancinsa, na je Nuzla yi wa mai ɗakinsa Hajiya Batula ta'aziyya. Ta sa aka kira ni bakin labule. Ta ce tun da aka kawo ta gidansa, kullum idan ya dawo daga sallar asuba sai ya hau saman bene ya tsaya ya ji daga ina iska take, ko da ranar babu fita, ko da ba shi da lafiya. Ta ce amma tun da ya dawo daga wannan tafiya bai sake hawa ba. Abin ya dame ta, ta ɗauka ƙafa ce ko baƙin ciki, ta tambaye shi. Sai ya ce mata, "Batula, bar ni in huta. Akwai mai duba ta yanzu." Ta ce, "Ɗana, na ga ya kamata ka ji wannan." Na yi mata godiya, na fito, kuma a bakin ƙofar nan na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Ya Allah, ga bawanka Idrisu ya zo gare ka. Ya yarda da hannun wanda bai kai shi ba a lokacin da idonsa ya gaza, Kai kuwa Ka fi kowa cancantar a yarda da Kai, Ka riƙe hannunsa Ka shigar da shi inda babu tsoro. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka masa shi, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka ba Hajiya Batula da Mahmudu da ƙannensa haƙurin rashinsa, Ka zame musu gata, Ka albarkaci bayansa. Mu kuma da ya bar wa amana, Ka ba mu ikon riƙe ta har ranar da za mu miƙa wa wani, Ka sa mu cika da imani. Amin.