Firjin da Ba a Ɗauke wa Wuta Ba

Na ga abubuwa da yawa a kasuwanci, wasu na yafe, wasu ma na manta yadda suka faru. Amma ranar da na tsaya a gaban firjin wani dattijon mahauci a Ƙofar Taramniya, ita kam tana nan a raina har yau.

Da fitila da batir na fara a bakin titin Gidan Igwai, a kan tebur. A hankali na koma kayan sola, daga nan na shiga harkar manyan firji na mahauta da masu kifi. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na san abin da ke sayar da kaya, wato mutum ya tafi gida ya yi barci bai tuna da abin da ka sayar masa ba. Abin da ya bambanta firjina da na kowa shi ne wani ɗan akwati da muke liƙa masa, mai lura da sanyi, yana tada inji yana kashewa, yana kuma nuna lambar sanyi a ɗan allonsa.

Wata malama ce ta rubuta manhajar akwatin, 'yar gidan malamai, mai koyar da kwamfuta. Ita ta fahimtar da ni cewa ƙwaƙwalwar akwatin ƙarama ce ƙwarai, don haka akwai wani ɓangare da suke kira laburare, wanda aikinsa rabon wuri ne kawai. Ta ce in ɗauke shi kamar mai rabon turke a kara, kasuwar shanu. Duk aikin da ya taso zai nemi wuri, a ba shi, in ya gama a karɓe a ba wani. In mai rabon yana manta turke ɗaya-ɗaya bai karɓa ba, ba za a lura ba yau ko gobe, sai ranar da aka kawo bijimi aka rasa inda za a ɗaure shi. Shekaru ta yi tana kula da wannan laburaren. Duk lokacin da ta taɓa ko layi ɗaya, sai ta bi ta kan gwaje-gwajenta, kuma babbansu shi ne wani akwati da ta ajiye a kan wata kanta a bayan shagona, da batirinsa na kansa. Makonni yake yi a kunne ba a kashe shi ba, sannan ta yarda a saka sabon gyara a firjin mutane.

Da ta sami ƙarin karatu a waje, sai ta miƙa aikin ga mijin ƙanwata, wanda shi ma fanninsa ke nan, kuma ita ta shaide shi da ƙwazo. Ƙwazon kuwa yana da shi. Shi ya sa akwatin ya fara tura saƙo zuwa wayar mai firji, ya kuma sake fasalin laburaren don ya ƙara sauri. Wata rana na ga kantar nan wayam, na tambaye shi. Ya ce ya mayar da gwajin cikin kwamfutarsa, abin da ke cin makonni yanzu kafin a sha shayi an gama. Na dube shi na ce, gwajin nan dai duka ana yin su? Ya ce duka, Yaya. Wannan kalmar ita ce na riƙe.

A lokacin duk firjin da na sayar, da wutar gari da janareta suke aiki. Sai na kawo sabon tsari na sola da manyan batura, wanda firji ba ya mutuwa ko na ƙiftawar ido. Mutum na farko da ya yarda shi ne dattijon nan. Gadon fawa ya yi, kuma mutum ne da in ya ce kaya na da kyau, mahautan garin nan ba sa sake tambaya. Na daɗe ina binsa. Da bakina na ce masa ya sayar da janaretansa, ba zai sake bukatarsa ba. Ya sayar.

Bazara ce, irin zafin Sakkwato da ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu. Ya karɓi aikin naman walimar auren wani babban gida, ya yanka shanu ya cika firji, maƙwabta ma suka kawo nasu ajiya. Rasuwa ta kira shi ƙauye. Iyalinsa suna leƙa allo safe da yamma kamar yadda na koya masu, lamba tana nuna sanyi daram, ba wanda ya ga dalilin buɗewa. Ashe akwatin ya sandare tuni. Inji ya tsaya, lambar kuma ta maƙale a inda take, tana yi wa mutane ƙarya.

Ranar da ya dawo, da hantsi ya kira ni, bai ce komai ba sai in zo. Tun daga bakin lungu warin ya tare ni. Na same shi zaune a kan benci da carbinsa, mutanen gidan biki suna tsaye a waje, mata suna leƙe ta katanga. Bai ɗaga murya ba.

"Alhaji, buɗe da hannunka," in ji shi.

Na buɗe. Ba zan kwatanta abin da na gani ba, don wani na iya karanta wannan yana cin abinci. Na ce, Baba, wallahi ban san mi ya faru ba. Ya ce, "Ni ban sayi firji ba. Maganarka na saya."

Na kira mijin ƙanwata, ya iso a kan babur. Ya toshe hanci, ya zare wayar akwatin, ya mayar. Nan take inji ya tashi. Sai ya juyo yana murmushi, ya ce ai ƙaramin abu ne, a riƙa kashe shi ana kunnawa kowace safiya, shi ke nan. A gaban mutumin da naman amanar jama'a ya ruɓe a hannunsa, wai ƙaramin abu. Na cusa hannuna a aljihu don kada ya yi abin da ƙanwata za ta yi kuka a kai.

A wurin na kira malamar, na sa wayar a lasifika kowa yana ji. Tambaya ɗaya ta yi, ko akwatin gwajin nan ya cinye makonninsa kafin a saki sabon laburaren. Mijin ƙanwata ya fara kame-kame. Ya ce gwajin nan shekara da shekaru bai taɓa kama komai ba, ɓata lokaci ne, ya cire shi. Abin da ya ƙara da shi ne ya ƙarasa ni.

"Yaya, a garin nan wace na'ura ke yin mako ba a ɗauke mata wuta ba?"

Malamar ta yi bayani a taƙaice. Sabon laburaren yana barin ɗan wuri bai karɓe ba duk lokacin da aka tura saƙo. A sauran firji, da an ɗauke wuta sai ƙwaƙwalwa ta share, a fara daga farko, laifin ya ɓoye. Firjin dattijo ne kaɗai ba ya mutuwa, don haka wuri ya yi ta ƙarewa har ya ƙare. Wato mutumin nan ya jingina ingancin kayana a kan lalacewar wutar gari, alhali yana shagona kullum, yana ganin ana sauke baturan da za su hana wutar ɗaukewa. Kuskure a aiki ba ya ba ni haushi, kowa na yi. Abin da ya ƙona ni shi ne ya yanke shawarar abin da ya isa a gwada shi kaɗai, sannan na tambaye shi ido da ido ya ce duka.

Abin da na faɗa masa a ranar ba na rubutawa ba ne. Na karɓe aikin a take. Ƙanwata ta zo har gida tana roƙo, manya suka sa baki wai a rufa asiri tun da zumunci ne. Na ce zumunci na nan, tuwo ma a kawo masa, amma hannunsa ba ya sake taɓa akwatina. Na nemo shanu aka yanka, walima ta yiwu ko da yake a makare, maƙwabta kuma na bi su gida-gida na biya su asararsu. Malamar daga can inda take ta gyara laburaren, ta mayar da gwajin, ta sa ba a iya sakin gyara sai an wuce ta kansa.

Duk da haka abin da nake tsoro ya faru. Dattijon ya sa aka kawo mani firjin har shago a kan amalanke, an wanke shi tas. Na bi shi na rantse an gyara. Ya ce ya yarda, Allah shi ƙara rufa asiri, amma shi ya gama. Mahautan da suka yi alkawarin saye bayan shi, ɗaya bayan ɗaya suka daina ɗaukar wayata.

Yanzu akwatin gwaji ya koma kan kantarsa, batirinsa a cikin keji da kwaɗo, makullin yana aljihuna. Ya daɗe bai kama komai ba, kuma ba wanda ya isa ya ce mani wannan dalili ne na cire shi. Abin da na koya shi ne, gwajin da ya daɗe shiru shi ya fi saurin shiga idon mai gaggawa, kuma in ka sauya yanayin da kayanka ke aiki, tsohon tabbacinka ya tashi daga aiki sai an sake gwadawa. Har yau in na bi ta Ƙofar Taramniya muna gaisawa da dattijon da mutunci, yana tambayar iyali. Sai dai dole mu ɗaga murya, saboda ƙarar sabon janaretansa.