Ɗalibi Na Talatin a Ajin Malam Tukur

Malam Tukur bai taɓa yin ƙarya ba sai sau ɗaya, ita ma da jan biro. Shi kaɗai ne malami a wata makarantar jinka kusa da Janfalan, shekara biyu bayan samun mulkin kai. Mutum ne mai tsoron Allah da tsoron takardar ofis, kuma na biyun yakan fi saurin kama shi.

Takarda ta zo daga Zariya cewa duk makarantar da yaranta suka gaza talatin, a ɗauke malaminta, yara su riƙa takawa zuwa Ikara. Ya san ba uban da zai bar ɗansa ya yi wannan tafiya ana tsakiyar noma. Nasa yaran talatin ne cif. Sai baƙon dauro ya shigo garin, ya tafi da Mamuda, yaron da ke zama can baya jikin bango.

Malam Tukur ya je jana'iza, ya dawo, bai soke sunan daga rajista ba. Kullum da safe sai ya kira, ya ɗan saurara, ya sa masa alamar ya zo.

Ranar da mai duba makarantu ya iso a kan keke, ya karɓi rajista ya hau kiran suna da kansa, ko ɗago kai bai yi ba.

"Mamuda Usmanu!"

"Na'am," aka amsa daga jikin bango.

Yara ba wanda ya waiwaya. Baƙo ya sa hannu ya tafi, ya bar Malam Tukur jiƙe da gumi. Tun daga ranar kullum ana amsawa, da 'yar muryar nan mai mura. Makaranta ta tsira, shi kuwa ya rame, don ya san abin da ya yi.

Bayan shekara uku yara suka kai arba'in da ɗaya. Wata rana da safe Malam Tukur ya ja layi a kan sunan Mamuda, ya tsallake shi, ya rufe rajista.

"Malam," in ji muryar, a hankali, "in tafi gida yanzu?"

Malam Tukur ya juya ya dubi jikin bango.

"Je ka, Mamuda. Ka yafe mini, na tsare ka da yawa."